Yadda Za Ka Rabu Da Rasit Ba Tare Da Ka Ɓata Wa Surukinka Rai Ba

Kai mai karatu, gyara zama, na san damuwarka tun kafin ka buɗe baki. Ka shiga kasuwar Jega ka sayi abu mai tsada, mai shago ya miƙo maka 'yar takarda, ka tsaya kana jujjuya ta kamar an ba ka jinjirin wani ka riƙe. Ba ka san inda za ka sa ta ba, a ranka kuma kana ganin karɓarta ma rashin ta-ido ne. To, kukanka ya ƙare. Ga hanya na shimfiɗa maka daki-daki. In ka bi ta yadda na tsara, na yi maka alkawari ba za a ƙara samun rasit ko na allura a gidanka ba, za a shaide ka da kunya da sanin darajar manya tun daga Aliero har Maiyama, kuma ranar da abin da ka saya ya lalace za ka samu cikakkiyar damar tsayawa cikin rana kana rantse-rantse. An gwada, an gani, ba ta taɓa kuskure ba.

Wanda ya gwada ta daga farko har ƙarshe shi ne Waliyyu, manomin albasa a Birnin Malam, mutum mai kirki har ya yi masa yawa. A shekarar da nake ba ka labari ya sayar da ragunansa da rabin geron rumbunsa, ya ƙudura zai sayi sabon injin ban-ruwa ya faɗaɗa noman rani. Cin gidansa da suturarsu na shekara duk ya zuba su cikin fangalolin albasar nan ta fadama. Shi za mu riƙa bi a baya, duk inda ya taka kai ma ka taka.

Mataki na 1: Sayi a wurin wanda ba ka iya haɗa ido da shi

Kada ka kuskura ka je shagon baƙo. Baƙo ba ka jin nauyinsa, bakinka zai iya suɓucewa ka ce ya rubuta maka shaida, aikinmu ya lalace tun ba a fara ba. Nemi wanda in ka hango shi gwiwarka ke lanƙwashewa da kanta: malaminka na allo, aminin mahaifinka, ko mafi inganci duka, suruki.

Waliyyu ya dace ta nan. Matarsa Mubina tana da kawu, Alhaji Maccido, mai shagon injuna a bakin kasuwar Jega. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba Waliyyu aurenta. Tun daga ranar Waliyyu bai taɓa cin ko goro a gabansa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, in ma zancen wani Maccido daban ya taso sai ya ce "mai sunan Baba". Ranar sayen inji tun daga shagon maƙwabta ya tuɓe takalmi, ya ƙaraso a duƙe, ya yi gaisuwa har sai da Alhaji ya gaji ya ce ya isa haka.

Ka lura da kyau: a irin wannan yanayi ba a duba kaya. Wanda Alhaji ya nuna da baki, shi ne mai kyau.

Mataki na 2: In ya ɗauko biro, kama hannunsa

Nan ne masu rauni ke faɗuwa. Wasu 'yan kasuwar ba sai ka tambaya ba, da kansu suke jawo littafin rasit, kuma Alhaji Maccido yana cikinsu. Ya buɗe littafi, ya duƙa yana leƙen lambar da ke jikin injin yana kwafewa. Waliyyu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya zabura ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu.

"Subhanallahi, Baba! Takarda tsakanina da kai? Mi niy yi maka?"

"Sake min hannu, Waliyyu," in ji Alhaji. "Ba don kai na ba, ƙa'idar kamfani ta. Injin ga shina da garanti. In ya ba ka matsala cikin lokaci, da wagga takarda za su musanya maka sabo."

"Abin da yaf fito hannunka ba shi ba da matsala, Baba. Wallahi in na amshe ta ban iya barci."

Ka ji magana ta ɗan halak. Haddace ta, za ta yi maka amfani a shagon waya, a shagon taki, har a wurin mai sayar da babur. Sirrin shi ne ka nuna cewa rasit zargi ne, kai kuma ka fi ƙarfin zargin manya.

Alhaji ya ƙarasa rubutun da kyar, hannu ɗaya na rubutu, ɗaya na ture suruki. Da ya zo yagewa, saboda kokawar da ake yi, sai ya fizgo takardar har da kwafin da ke ƙarƙashinta, wanda ya kamata ya zauna cikin littafin shago. Bai lura ba, Waliyyu kuwa idonsa na ƙasa. Alhaji ya ninke su tare ya cusa masa a aljihun gaba, ya ce, "Tashi ka tahi, ka gaishe min da ɗiyata."

In kai ma ka samu irin wannan sa'a, ka gode wa Allah. Ba kowa ke fita da asali da kwafi a tafiya ɗaya ba.

Mataki na 3: Kada matarka ta gani

Kowane gida akwai mutum guda mai cutar ajiya, kuma yawanci ita ce. Mubina tana da wani tsohon gwangwanin madara a bayan kwallayenta. Rasit ɗin keken ɗinkinta yana ciki, katin asibitin yara yana ciki, har takardar wata fitila da ta mutu tun tuni tana nan kwance abinta. Duk takardar da ta shiga gwangwanin nan ta tsira, saboda haka aikinka shi ne ka hana ta shiga.

Da aka sauke injin a tsakar gida, Mubina ta zagaya shi tana murna, ta shafa jan fentinsa, sannan ta yi tambayar da aka san za ta yi.

"Malam, Kawu bai ba ka takarda ba? Kawo in aje."

"Wace takarda?" Waliyyu ya haɗe rai. "Ke kina ganin ni mutumin da ka miƙa hannu shi amshi takarda wurin Baba na?"

Ka ga gwaninta. Bai yi ƙarya ba, domin bai miƙa hannu ba, cusa masa aka yi. Abin da ke ransa shi ne, in Mubina ta ga takardar nan za ta ɗauka ya tsaya gaban mutumin da ya raine ta ya nemi shaida kamar wanda ke ciniki da ɓarawo. Ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Mubina ta dube shi ta ce, "Kawu dai ba shi saida ko ƙusa bai rubuta ba," ta koma ɗaki.

Mataki na 4: Zaɓi ma'aji mai ƙofa a buɗe

Masana wannan fanni, wato ni, sun yi ittifaƙi a kan wurare masu albarka. Akwai aljihun rigar da za a wanke gobe. Akwai ƙarƙashin sirdin babur, inda mai da ruwa ke haɗuwa su yi zumunci. Akwai kuma hannun mai tsire, in ka ga takardar naɗinsa ta ƙare ka taimaka masa, ladanka na wurin Allah.

Amma duk ba su kai hula ba. Hula ma'aji ce ta manya, tana saman kai, wurin daraja, ga gumi yana ratsa tawada a hankali. Abin da ya fi, duk alwala sai ka ture ta baya ka yi shafa. Ba ka jefar da takarda ba, balle a ce ka yi sakaci, kai dai kana ibada ne ita kuma tana neman hanyarta.

Waliyyu ya soke tasa a cikin naɗin hula. Ta yi kwanaki tana hawa da sauka tare da shi, ta je fadama, ta je ɗaurin aure Kimba, ta dawo. Wata la'asar, a gindin randar da yake alwala, ta zame ta faɗi bayansa. Shi kuwa ya yi gaba abinsa zuwa masallaci.

Mataki na 5: Bar wa tsohuwa sauran aikin

Wannan mataki sai gidan da Allah ya yi wa baiwar dattijuwa mai tsoron Allah. Gidan Waliyyu akwai mahaifiyarsa, Inna Tani. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma sunan Allah da rubutun Arabiyya ko daga ƙofar gida ta hango shi ta gane. Kuma ka san yadda muka taso: takarda mai sunan Allah ba a barinta a ƙasa, kaji su taka, yara su yi wasa da ita. Inna Tani ta mayar da wannan aikinta. Duk inda ta ga guntun shafi sai ta duƙa ta ɗauka, ta tara, ta ƙone a kasko mai tsabta, ta zuba tokar a gindin zogale inda ƙafa ba ta zuwa.

Rasit ɗin Alhaji Maccido kuwa, kamar na yawancin 'yan kasuwarmu masu neman albarka, Bismillah ce a samansa, da manyan baƙaƙe, kore shar.

Waliyyu ya dawo daga masallaci ya tarar da hayaƙi na tashi a kasko. Ya leƙa, ya ga gefen takardar da ya sani yana naɗewa cikin wuta, sunan shagon surukinsa yana baƙi.

"Ku yaran zamani ba ku da tsoron Allah," in ji Inna Tani, tana juya tokar da tsinke. "Sunan Ubangiji yashe bakin randa, agwagi na bi ta kai. Da ban gani ba fa?"

Me kake tsammani Waliyyu ya ji? Sanyi ya ji har cikin ransa, kamar an sauke masa buhu daga ka. Abin da ya hana shi sakewa ya tafi, kuma ta hanya mai tsarki. Ya ce, "Allah shi saka da alheri, Inna." Ta ce amin, ta ƙara masa da nasiha.

Mataki na 6: Jira

Nan ba ka da aiki. Kaya ya san lokacin da ya dace ya lalace, ba ya neman shawararka.

Injin ya yi aiki lafiya lau har dashe ya kama, ganye ya miƙe kore shar, fangali bayan fangali. Waliyyu kan tsaya a bakin gona da safe ya riƙe ƙugu, yana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, yana raya buhunan da za a ɗora wa mota a kasuwar Aliero. Azumi ya kama, zafi ya fara sauka, albasa ta fara kai. Duk manomi ya san wannan gaɓa: in ta sha ruwa yadda take so ta cika hannu, in ta yi ƙishi ta tsaya nan inda take, ba roƙon da zai sa ta ƙara.

A wannan gaɓar, wata safiya, injin ya yi tari, ya yi wata ƙara kamar ana jan tsohon ƙyaure, ya yi shiru. Waliyyu ya ja igiya har kafaɗarsa ta ƙage. Ya ɗaure shi a babur ya kai wa wani bakanike a Aliero. Bakaniken ya saurara, ya jujjuya, ya ajiye sifana bai kwance ko ƙusa ɗaya ba.

"Wanga daga kamfani yaz zo da cutarshi," ya ce. "In na buɗe shi garantinka ya tashi. Ɗauki takardarka ka maishe shi inda kas saye, sabo za su ba ka. Kwana biyu ka koma ban-ruwa."

Waliyyu ya ce to. Ya ɗaure injin, ya hau babur, ya daɗe zaune bai tayar ba.

Mataki na 7: Tafi da rantsuwa da shaidu

Wanda ba shi da takarda ba ya zuwa shago shi kaɗai, sai da jama'a. Waliyyu ya biya ya ɗauki ɗan kabu-kabun da ya ɗauko masa injin ranar farko, ya roƙi mai shayin da ke kallon shagon ya taso ya faɗi abin da ya gani. Duk hanya yana shirya yadda zai fara magana a gaban Baba ba tare da ya ce kayan Baba ya lalace ba. Ya tsayar da cewa zai ce injin ne "ba ya jin daɗi".

Wahalar banza ya yi. Alhaji Maccido ya tafi Umrar azumi, sai bayan salla. A kujerarsa akwai abokin kasuwancinsa, Usmanu, mutumin Maiyama, wanda bai taɓa ganin Waliyyu ba ko a mafarki.

Waliyyu ya yi bayani. Ɗan kabu-kabu ya rantse shi ya ɗauka, har ya nuna inda injin ya ƙuje masa sirdi. Mai shayi ya ce tabbas ya ga wani ya shiga a duƙe ba takalmi, bai dai ga fuska ba. Usmanu ya saurare su duka da haƙuri, sannan ya jawo littafin shago yana bin kwafi ɗaya bayan ɗaya. Ya zo daidai wurin, ya tarar da guntun yagaggen shafi kawai.

"Malam, ni ban ce ƙarya kaka yi ba," in ji shi. "Amma irin injin ga shago nawa ka saida shi cikin Jega? Kamfani ba su san wallahi ba, lamba da hatimi suka sani. Ni kuma ba ni buga hatimin Alhaji ga cinikin da ban gani ba. An taɓa yi muna haka, mun ji jiki."

"Surukina na fa. Ɗiyarshi tana gidana."

Fuskar Usmanu ta washe. "Ashe abin mai sauƙi na! Bari in kira shi yanzu. In yac ce in rubuta, in rubuta, gobe injin shi tahi kamfani." Ya ɗauko waya.

To, ɗalibina, ga jarrabawa ta zo, kuma ka riga ka san amsa, domin ka yi irinta a mataki na biyu. Waliyyu ya yi tsalle ya riƙe hannun Usmanu.

"Kak ka kira! Mutum na ɗakin Allah, da azumi a bakinai, a kira shi a ce kayan da yab ba ɗanshi ya mutu? A ce takardar da yab ba ni da hannunshi na yasar? Wallahi gara in mutu."

Usmanu ya dube shi, ya dubi shaidu, ya mayar da wayar aljihu. Ya ce lokacin garantin dai ba ya jiran kowa, ya rage nasa.

Mataki na 8: Toshe ƙofa ta ƙarshe

Saura hanya ɗaya da gyara zai iya shigowa, kuma tana cikin gidanka tana tuƙa tuwo. Da farko ka ce mata injin yana wurin sabis. Wannan zai ɗauke ka 'yan kwanaki. Waliyyu ya yi haka, ya koma ban-ruwa da guga kamar zamanin kakanni, yana ja daga rijiyar fadama yana zubawa, da azumi, cikin zafin da ke sa ƙasa ta shanye ruwa kafin ya kai ƙarshen fangali. Maƙwabcin gonarsa Sirajo ya ara masa inji sau ɗaya, ya ƙara ara masa, a na gaba ya ce ya yi haƙuri, tasa albasar ma baki gare ta. Na haya kuwa duk an riga an kama, a wannan lokaci ko ɗan'uwanka ba ya sakin nasa.

Ranar da Mubina ta ga tafin hannunsa ya fashe har ba ya iya damtsar cokalin kunu a wurin buɗa-baki, ta ajiye ludayi ta ce ya gaya mata gaskiya. Ya gaya mata, har da hula, har da kasko. Ta miƙa hannu.

"Ba ni waya. Kawuna na, ni ba ni jin kunyar gaya mishi."

"Ba ki kiranshi."

"Malam, abincinmu na ka ƙonewa cikin fadama! Kawu ba ya jin haushi, wallahi sai dai in ba a gaya mishi ba."

"Na ce ba ki kiranshi. In kin kira, ban yafe ba."

Wannan kalma ka riƙe ta da kyau, ita ce makullin da ba ya buɗuwa. Mubina ta janye hannunta. Ta yi kuka, ba na tausayi ba, na takaici, ta ce masa a fili tun da aka yi aurensu ba ta taɓa jin haushinsa irin na yau ba. Inna Tani daga ɗakinta tana jin komai. Da ta gane wace takarda ce ta ƙone, ta kasa cin abinci, tana ta salati, shi kuma yana ba ta haƙuri yana cewa ai ita lada ta samu.

Kada ka damu da cewa kana rufa wa surukinka asiri kai kaɗai ba mai yaba maka. Jama'a za su taya ka. Ɗan kabu-kabu ya ba da labari a tasha, mai shayi ya ba masu shan shayi bayan tarawihi, Sirajo ya faɗa wa dillalai. Kafin salla zancen ya gama gyaruwa a kasuwar Aliero: Alhaji Maccido ya sayar wa mijin 'yarsa mataccen inji, ya hana shi takarda, ya yage kwafi, ya tsere Makka.

Mataki na 9: Tarbi baƙonka

Alhaji ya dawo bayan salla. Bai kai gida ba ya ji labarin kansa, a bakin direban da ya ɗauko shi, wanda bai san da wa yake magana ba. Lokacin garanti ya riga ya wuce. Washegari da hantsi, ko hutawa bai yi ba, ko masu zuwa yi masa barka bai tsaya ya gani ba, ya sa aka kai shi fadamar Birnin Malam.

Waliyyu yana tsugune a bakin rijiya ya hango farar riga tana ratso gonaki. Ya tashi ya tuɓe takalmi, a cikin gonarsa, ya durƙusa. Alhaji bai amsa gaisuwar ba. Ya bi fangalolin da kallo, ganye ya kwanta ya yi ruwan ƙasa, sai can kusa da rijiya ɗan abin da guga ya iya ceta. Ya duƙa da kansa ya tuge ɗaya, ya kakkaɓe ƙasar. Kan bai wuce goro ba. Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.

"Waliyyu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Azumi guda ina gaban Ka'aba ina roƙa muku albarkar gonar ga. Da sunanka nika roƙo. Kai kuma kana nan kana kallonta tana mutuwa, don kak ka dame ni."

Waliyyu bai ɗago ba.

"Tun ba a haife ka ba nika ciniki Jega, ba a taɓa kirana macuci ba sai bana. Takardar da kar riƙe min hannu a kanta, don irin wagga rana nir rubuta ta, ranar da ba ni nan. Da ka aje ta, da ko sunana ba a ambata ba."

Hawaye suka zubo wa Waliyyu, na baƙin ciki da nadama, ya bar su suna sauka a kan busasshiyar ƙasar. Alhaji ya sa 'yar albasar a aljihu, ya juya ya tafi. Bayan kwana biyu ya aiko da sabon inji daga aljihunsa, aka ajiye a zaure, a lokacin da ba sauran abin da za a ba ruwa.

Mataki na 10: Girbi abinka

In ka iso nan, barka, ka kammala. Ɗan abin da Waliyyu ya tuge bai kai a kira mota ba, a gida aka cinye shi kafin damina. Lokacin da motoci ke layi a Aliero ana loda albasar mutane, yana cikin masu ɗinke bakin buhu ana biyansu da yamma. Ya iya aikin, hannunsa ya san albasa, masu kaya har rububinsa suke yi.

Wata ranar kasuwa zai fita, Mubina ta leƙo daga madafa. Ta daɗe da hucewa, maganar ma a hankali ta yi ta, don kada Inna ta ji.

"Malam, in ka tashi dawowa ka sawo muna albasar miya."

Ya ce to. Da aka tashi aiki ya wuce rumfunan mutanen garinsu, ya wuce na Kimba, ya yi ta tafiya har ƙarshen kasuwa, yana neman mai kashin albasa wanda bai san shi ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu yana sanar da jama'a cewa shawara ya bayar, bai riƙe hannun kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan injinsa ya buga, ko wayarsa ta mutu, ko aka tare shi a hanya aka ce babur ɗin da yake kai na sata ne ya rasa abin nunawa, ko matarsa ta daina yi masa magana, ko surukinsa ya daina amsa gaisuwarsa, to tsakaninsa da hularsa ne. Ba ruwana, ba ruwan iyalina, ba ruwan wanda ya ara masa ya karanta. Ba na karɓar rantsuwa, ba na sauraron mai shayi. Wanda ya nace lallai a wurina ya samo wannan dabara, ya zo da takardar da na ba shi mu duba.